Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kwamitin zaurenmu: a ajiye zancen Berlin, mu tafi Koshitse

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Shugaba, Malam Sakatare, Hajiya Ma'aji, da sauran yayye da ƙanne na wannan zaure namu na masu gudu da motsa jiki mazauna Hangari da kewaye.

Na fito da maganar nan fili ne saboda a guruf magana ba ta zama, kana tsakiyar rubuta layi na biyu an turo sitika goma da bidiyon wa'azi da tallan turaren wuta, kafin ka ankara abin da ka faɗa ya nutse. To ga shi nan a dunƙule, wanda ya ga dama ya karanta a jirgi ko a layin kanti.

Shawarar da kwamiti ya kawo ita ce a ɗauki abin da muka tara a asusu a tura mutum biyu gudun fanfalaki na Berlin su wakilce mu. Ni gaskiya ban goyi baya ba, kuma ba don ina da wata matsala da Berlin ba. Kowa ya san Berlin, can Eliud Kipchoge ya yi awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9 a 2022, can Tigst Assefa ta Habasha ta yi 2:11:53 a 2023, a 2024 mutum sama da 54,000 suka kai ƙarshe. Amma Ranka ya daɗe, wa ya ce mana mu ne za mu zaɓi wanda zai je? Ƙuri'a ake jefawa tun kusan shekara guda kafin ranar, ka sa sunanka ka zauna jiran imel, in ba ka fito ba sai dai ka bi ta kamfanin yawon buɗe ido ko ƙungiyar agaji, su kuma kuɗinsu ba na ɗalibi ba ne. Rajistar kaɗai wajen euro 200 ce, ba a zo maganar ɗaki ba a ƙarshen makon da duk duniya ta sauka a garin. Landan ma kar a fara, masu neman gurbin 2026 sun haura miliyan ɗaya. Ke nan za mu zuba kuɗin mutane da yawa a kan mutum biyu waɗanda ma ba tabbas su samu shiga, mu sauran mu zauna muna kallon ɗigo yana tafiya a manhaja.

Alhali ga gudu nan a bayan gidanmu. Koshitse, su suna rubuta shi Košice in za ku nema a intanet, gari na biyu a girma a Sulobakiya, mutanensa wajen 230,000, tsakaninsa da iyakar Hangari bai fi kilomita 20 ba. Daga tashar Keleti ta Budapest jirgin ƙasa awa uku da rabi ne ko kusa da haka, ta Mishkolts yake bi, su 'yan Mishkolts ma ai sai dai mu ce musu a sauka lafiya. Lahadin farko na Oktoba ake yi duk shekara. Ba ƙuri'a, ka biya a ba ka lamba, kuɗin kuma bai kai rabin na Berlin ba.

Kar kuma wani ya ce ai ɗan gudun ƙauye ne. Shi ne gudun fanfalaki mafi tsufa a duk Turai, ya girmi na Berlin da shekara 50 cif. Wani ɗan garin mai suna Vojtech Braun Bukovský ne ya je kallon Olamfik a Paris a 1924, abin ya shiga ransa, ya dawo gida ya shirya nasu a watan Oktoba na shekarar, mutum takwas kacal suka tsaya a layi, daga wajen kangon ganuwar Turňa suka taso zuwa cikin gari, Karol Halla ya zo na ɗaya. Juan Carlos Zabala ɗan Ajantina ya ci a nan a 1931, shekara na zagayowa ya ɗauki zinare a Olamfik na Los Angeles. Abebe Bikila, wanda ya ci Olamfik na Rum ba takalmi a 1960, ya zo nan ya ci a 1961. An fara barin mata su shiga a 1980. A 2023 Philemon Rono na Kenya ya gama a 2:06:55. Akwai dandali guda da aka sa wa sunan gudun, da mutum-mutumin mai gudu a tsaye an zana sunayen waɗanda suka ci a jikin dakalinsa, sai dai Hajiya a kau da kai in an zo wurin don bawan Allahn ko ɗan kamfai ba su sa masa ba.

Amma ba tarihi ne ya sa na ɗauki alƙalami ba, tarihin kowa zai iya nema. Abin da nake so kwamiti ya ji shi ne yadda abin yake a jiki, daga bakin mu da muka taɓa yi, mai daɗin da marar daɗin.

Abu na farko da za ka lura, komai a ƙafa ake zuwa. Ka sauka a tasha, ka ratsa wani lambu, minti kaɗan kana kan Hlavná, babban titin tsohon gari wanda mota ba ta bi, da babbar majami'ar Elizabet a tsakiya, wadda ta fi kowace girma a ƙasar. Wurin karɓar lamba, wurin tashi, wurin ƙarewa, ɗakin da ka kama in ka yi sammakon kamawa, duk a zagaye ɗaya suke. Wanda ya taɓa babban gudu ya san darajar wannan, can sai ka tashi da duhu ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ka bi layin bincike ka bi layin ajiye jaka ka bi layin bayi sannan ka tsaya a keji kusan awa guda kana karkarwa kafin rukuninku ya motsa. A Koshitse kuwa ka yi asuba a ɗakinka wajen ƙarfe biyar, ka sha shayi da burodi da ayaba, ka ɗan kishingiɗa, ka shiga bayin ɗakinka na kanka da butarka, wallahi wannan kaɗai ya isa hujja, sannan ka taka a hankali ka iso kafin ƙarfe tara da ake tashi.

Sanyin safiyar yana cizo, kar a yaudari kowa. Farkon Oktoba ne, ganye ya fara ja yana zuba, kana tsaye da gajeren wando haƙora suna haɗuwa. Dabarar da kowa ke yi ita ce ka zo da tsohuwar suwaita wadda ba ka so, ana tashi ka cire ka ajiye a gefe, da safar hannu mai araha. Amma wannan sanyin shi ne ribar, jiki ya fi gudun nesa a yanayi mai wajen digiri 10, duk wanda ya taɓa gudun Legas a Fabrairu ya san yadda zafi da gumi suke cinye mutum tun bai yi nisa ba. Abin da ba a faɗa maka a talla shi ne iska. Garin a kwari yake, kogin Hornád ya ratsa shi, iskar arewa tana bin kwarin ta sauko, in ranar ta tashi to duk inda hanya ta fuskanci arewa sai ka ji kamar ana tura ka baya. In ka samu wani dogo mai faɗin kafaɗa ka laɓe a bayansa, ba kunya a ciki, kowa haka yake yi.

Yanzu ga inda nake so a saurara da kyau. Hanyar zagaye biyu ce, kowanne rabin tafiyar, a shimfiɗe ba tudu. Zagayen farko biki ne. Masu rabin zango suna tare da ku, hanya cike, makaɗa a kusurwa, yara sun miƙo hannu a tafa, tsofaffi sun fito da kujerunsu, wasunsu tun suna yara iyayensu ke kawo su kallon wannan abu kuma ka ga alamar hakan a yadda suke tafi, ba tafin wanda aka tare wa hanya yana jira a wuce ba ne. Ana kiran sunanka daga jikin lambar ƙirjinka, ana murɗe shi yadda ko mahaifiyarka ba za ta gane ba amma ka san kai ake nufi. To a nan ne shaiɗan yake zuwa. Jiki sabo, sanyi ya sa ba ka jin gajiya, ga ihu, sai ka ga kana wuce mai ɗauke da alamar awa huɗu, wato jagoran masu son gamawa a awa huɗu, alhali a atisaye ba ka taɓa yin wannan saurin ba, zuciya tana ce maka yau ranarka ce. Ba ranarka ba ce ɗan uwa, bashi kake ci kuma kafin azahar za a zo karɓa.

In kai mai awa huɗu da rabi ne ko fiye, akwai wani abu da zai same ka wanda ba zai taɓa samunka a Berlin ba. Lissafi ne kawai, na gaba suna gama duka a awa biyu da 'yan mintuna, kai kuma a lokacin ko rabin ba ka rufe ba. Sai ka ji babura da mota mai agogo a bayanka ana cewa a matsa gefe, kafin ka waiga 'yan Kenya da Habasha sun shuɗe ta gefenka, ba ka jin ko ƙarar takalminsu, kafaɗa ba ta motsi, fuska ba alamar wahala. Wani ɗan uwanmu ɗan Zariya ya ce shi a nan ya tsaya cak ya yi musu tafi ya manta shi ma gudu yake. A babban gudu waɗannan mutanen a talabijin kawai za ka gan su, sun gama sun yi wanka kai ko layin tashi ba ka daɗe da bari ba.

Daga nan sai ka dawo tsakiyar gari, ga ƙofar ƙarewa kana gani da idonka, masu rabi suna karkata suna shiga ana rataya musu lambar yabo ana ba su ruwa, kai kuma alama ta nuna maka ka miƙe. Duk wanda ya yi gudun nan ka tambaye shi, wannan wurin zai fara ambata. Ka san duk abin da ke gabanka don yanzu ka fito daga cikinsa, kowace kwana, kowane dogon titi mai gidajen bene na zamanin gurguzu, sai ka sake bi. Hanya kuma ta zama kamar kasuwar ƙauye bayan la'asar, mutum ɗaya can gaba, ɗaya can baya, kofunan roba a zube, 'yan kallo sun ragu a unguwannin gefe saboda yawancinsu sun koma wajen ƙarewa. Wajen kilomita 30 zuwa 35 kuma abin da jiki ya tara na sukari a tsoka da hanta ya ƙare, ƙafa ta yi nauyi, jijiyar sha-raɓa ta fara ɗaurewa, lissafin kilomita nawa ya rage ma sai ya gagare ka, ka ga babban mutum mai digiri biyu yana ƙirga bakwai da yatsu. Wasu suna tafiya suna gudu, wasu sun rungume fitilar titi suna miƙe ƙafa. Ba na ɓoye wannan, zagaye na biyu a ƙaramin gudu ya fi na babban gudu kaɗaici nesa ba kusa ba, a Berlin taron mutane ne zai ɗauke ka, a nan kai da numfashinka ne.

Kuma wannan kaɗaicin shi ne babban dalilina na cewa mu tafi da yawa. Saboda zagaye biyu ne kuma garin ƙarami, wanda bai yi gudu ba zai iya ganin nasa sau da yawa ba tare da ya hau komai ba, ya tsaya a tsakiya ya gan ka a tashi, ya gan ka a rabi, ya yanka ta lungu ya tare ka a gaba, ya dawo ya jira ka a ƙarshe. Ka yi tunanin kana kilomita 34 rai ya yi halinsa sai ka ji an ƙwala maka kira da Hausa, ana ce maka saura ƙiris, a daure, an miƙo maka dabino. Wata 'yar uwa da ta raka mijinta ta ce ita ta fi shi gajiya saboda zirga-zirga, amma shi ya rantse ba don muryarta ba da ya cire lambar ya zauna a bakin titi. Wannan mutum biyu a Berlin ba za su samu ba, cikin dubu hamsin ko hango su ba za a yi ba.

Ƙarshen kuma kan Hlavná ake dawowa, a kula da ƙasa don dutse aka shimfiɗa kuma akwai tsohon layin tarago a ciki, ƙafar da ta yi kilomita 41 ba ta ɗaguwa yadda kake zato. Mutane sun yi dafifi hagu da dama, na awa biyar ma ana yi masa ihu. Kilomita 42 da mita 195 dai ɗaya ce ko a ina ka yi ta, farcen da zai yi baƙi zai yi, washegari matakala da baya-baya za ka sauko.

Sai abubuwan da suka shafe mu mu kaɗai, waɗanda ba za ku gani a shafin masu shiryawa ba. Abinci a yi hattara, naman alade yana shiga kusan komai, abincin da suke alfahari da shi na ƙullun dankali da cukun tumaki ma soyayyen kitsen alade ake barbaɗawa a kai, sai ka ce a cire tun kafin a kawo, ko ka nemi shagon kebab, mafi sauƙi dai a kama gida mai kicin a dafa taliya ko shinkafa daren Asabar, ba yaji da yawa don Allah, cikin da ya sha yaji ba ya jure kilomita 42. A wajen ƙarewa a duba abin da aka miƙo a kofi kafin a kai baki. Masallaci kuma ginanne babu a duk faɗin Sulobakiya, a ɗaki za a yi jam'i, kuma lokaci yana isa, azahar tana shiga wajen sha biyu da rabi, wanda ya gama ƙarfe biyu ma zai yi wanka ya same ta, ga kuma sauƙin matafiyi. Kallo kuwa za a kalle ka, baƙar fata ba su da yawa a gabashin ƙasar. Mafi yawa ba na sharri ba ne, a ranar gudu ma abin dariya ne, suna ganinka da lamba sai su ɗauka kai ne za ka ci, ana nuna ka ana cewa Kenya, har sai an ga tumbinka a zagaye na biyu sannan a gane ɗan Kano ne mai karatun injiniya. A riƙe fasfo da katin zama a jiki, duk da ƙasashen biyu suna cikin Shengen, yankin da ake tsallaka iyaka ba bincike, an taɓa dawo da bincike a wannan iyakar a kakar 2023. Kuma can euro ake kashewa, a bar forint ɗin Hangari a gida.

Akwai kuma maganar kalanda wadda ban ji kowa ya kawo ba. Shekarun nan azumi yana faɗowa tsakanin Fabrairu da Maris ne, to duk gudun da ake yi a Afrilu atisayensa mafi nauyi zai faɗa cikin azumi da tsakiyar hunturu, ga duhu ga ƙanƙara ga ƙishirwa. Na Oktoba kuwa shirin wata huɗu ne daga Yuni, an gama jarrabawa, rana doguwa, ka yi asuba ka fita kafin zafi ya taso don Yuli da Agusta a Hangari ba wasa ba ne, ka yi dogon gudunka ka dawo mutane ba su tashi ba. Ka yi horo a zafi ka je ka yi tsere a sanyi, jiki sai ya ji kamar an sauke masa kaya.

Malam Sakatare, abu ɗaya nake roƙo a rubuta da manyan baƙi ko da an yi watsi da duk sauran maganata. Kowa ya san jininsa kafin ya yi rajista. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, wato mai ɗauke da ƙwayar halittar sikila, yawanci lafiya lau suke rayuwa har su yi wasanni, amma wahala mai tsanani da ƙarancin ruwa a jiki suna iya kayar da mai AS ta hanyar da ba ta kama da gajiyar kowa, kuma likitan da ke tantin gudu a gabashin Turai ba lallai wannan ya fara zuwa masa a rai ba. A ga likita tukuna, a rubuta a bayan lambar ƙirji inda aka tanada don bayanin lafiya, da lambar wayar wanda za a kira. Masu hawan jini da waɗanda suka haura arba'in su ma haka.

Ba kuma dole kowa ya yi cikakken ba. Akwai rabi, akwai na karɓa-karɓa da mutum huɗu za su raba tafiyar, akwai ɗan ƙarami na kilomita 4 da ɗoriya wanda iyali da yara suke shiga. 'Yan uwa mata da suke cewa su ba za su iya gudu cikin maza da ƙananan kaya ba, sanyin Oktoba ya raba gardama, dogon wando da riga mai dogon hannu da hijabin wasanni shi ne ma daidai yanayin, ba wanda zai ga baƙonki. Hajiya Ma'aji ke da kike tafiyar kilomita biyar kullum a bakin kogin Danub, na ƙaramin nan ko shiri ba kya buƙata.

To abin da nake nema a zaman wata mai zuwa a sa shi a ajanda a kaɗa ƙuri'a a fili. In an amince, kuɗin asusu ya tafi kan tikitin jirgi na rukuni da gida ɗaya ko biyu masu kicin kusa da Hlavná, rajista kowa ya biya tasa don wanda ya biya da aljihunsa shi ne zai tashi atisaye. A kama gidan tun bazara saboda garin ƙarami ne, ɗakuna suna ƙarewa a wannan ƙarshen makon kuma kuɗin rajista yana hawa in lokaci ya matso. Wanda har yanzu ransa na Berlin ya jefa ƙuri'arsa da kuɗinsa, in ya fito mu raka shi da addu'a. Sannan ana buƙatar mutum biyu ko uku da ba za su yi gudu ba, masu riƙe jakunkuna da dabino da fulas ɗin shayi, su tsaya wajen kilomita 34, kuma don Allah a zaɓo masu murya.

Wassalam.
Naku, ɗaya daga cikin 'yan bayan layi.